Ruwan Bayan Yasmin

"Wa yake ƙona roba a gidan nan?"

Yasmin ce ta yi tambayar, tana tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, tana ɗaga hanci sama. Safiyar Lahadi ce, matan gidan Alhaji Ya'u sun jera bokitai a bakin famfo, kowacce na jiran layinta. Suka shinshina, suka dubi juna. Ban da ƙamshin aloko, wato agade, da ke soyuwa a ƙofar maƙwabciyarsu Tsahara, da ƙarnin kifin da iska ke kwasowa daga bakin tafkin lagun, babu wani wari a duk unguwar Biafra ta Treichville.

"Babu mai ƙona komai," in ji yayarta Hadijatu, wadda ke durƙushe tana wanke farar rigar aikinta. "Ki koma ki kwanta. Kwana uku kina zazzaɓi, kin ƙi zama wuri ɗaya."

"Roba ce, Yaya. Ga ta nan har cikin maƙogwarona." Sai ta sunkuya ta ƙura wa ludayin ido kamar yau ta fara ganinsa. "Wannan abin fa? Me sunansa?"

Matan suka kwashe da dariya, don Yasmin dama gwanar barkwanci ce. Hadijatu kaɗai ce ba ta yi ba. Shekara tara ke nan tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti a Treichville, kuma ta sha ganin irin wannan labari a rubuce a jikin takardun da ke rako kwalaben gwaji. 'Yan gidan "Dokta" suke ce mata, amma na tsokana ne. Za su kawo mata takardar magani ta karanta musu Faransanci, su yi godiya har da addu'a, sannan su wuce wurin mai sayar da magani a tebur su sayi abin da ransu ya raya musu.

Dariyar ba ta gama sauka ba Yasmin ta yanke jiki ta faɗi. Ƙafafunta suka riƙa dukan siminti, kumfa na fita ta gefen bakinta. 'Yarta Firdausi, mai shekara bakwai, ta ƙwalla ƙara ta maƙale a bayan kakarta Inna Dije.

"Ku rufa mata kai!" Tsahara ta yi ihu, ta bar alokonta yana ƙonewa. "Sau nawa zan gaya mata ta daina shanya a bakin ruwa da almuru? Ai ga shi nan, mutanen ɓoye sun biyo ta gida."

Hadijatu ta ture ta, ta juya ƙanwarta ta kwanta kan gefe, ta aika a tsayo mata da taksi.

* * *

Da azahar Dokta Kouamé ya kira su gefe a barandar asibitin da Hadijatu ke aiki. Mijin Yasmin, Abdulbaqi, mutumin Kano ne, Faransancinsa na ciniki ne kawai, don haka Hadijatu ce ta riƙa mayar masa da maganar likita.

"Ba zazzaɓin sauro ba ne, sau biyu muka duba jininta. Zargina wata ƙwayar cuta ce ta hau ƙwaƙwalwa, kuma irinta ba ta nunawa a jini. Sai an ɗebi ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a cikinsa, ta ƙasan baya, ɗan kaɗan, bai fi cokali biyu ba. Yau ɗin nan zan fara sa mata magani ta jijiya, amma gwajin ne zai gaya mana ko muna kan hanya. Ku gane abu ɗaya: duk ranar da ta wuce, cutar tana cin wani abu a kanta wanda ba ya dawowa."

Abdulbaqi ya karɓi biro. Har ya ɗora shi kan takardar, sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a kan tayil. Alhaji Ya'u ne, wan mahaifin su Hadijatu, wanda ya riƙe su tun rasuwar ubansu, kuma maigidan duk wani Bahaushe da ke kwana a gidansa. Abdulbaqi ya miƙe, Hadijatu ta durƙusa har ƙasa.

"Me za a sa wa hannu?"

Aka gaya masa. Tsohon ya dogara da sandarsa.

"Allurar baya," ya ce a hankali. "A kan idona aka yi wa ɗana Sadi ita ranar Talata. Ranar Alhamis muka kai shi makwancinsa. Yaro ɗan shekara sha tara. Ba za a sake zuƙe wa jinina ruwan baya ba, ina raye."

Likita ya ce to, a bar maganar allura, a bar masa ita ya sa mata maganin kawai. Alhaji ya girgiza kai. Ya san halinsu, in ji shi, da zarar ka juya baya za su naɗe ta su soka mata. A kawo takardar sallama.

A nan ne ya kamata Hadijatu ta buɗe baki. Ta buɗe kuwa, amma abin da ya fito shi ne, "To, Baba." Dokta Kouamé ya dube ta, duba ɗaya, ya kau da kai. Biron da Abdulbaqi ya karɓa don takardar gwaji, da shi ya sa hannu a takardar fita.

* * *

Ba tsoron sandar Alhaji ne ya ɗaure mata harshe ba. Wani abu ne da ta sani, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A shekarar da ta fara aiki, ta shiga ɗakin ajiya ta binciko tsohon rajistan gwaje-gwaje, har ta sami sunan Sadi. Sanƙarau ne ya kashe shi. An kawo shi asibiti a kwana na biyar, wuyansa ya sandare, ya daina gane mutane, kuma ruwan da aka ɗiba a bayansa ya fito a gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa. Tun kafin allura ta taɓa shi aiki ya riga ya gama. Wanda ya riƙe shi a gida kwana biyar ɗin nan, da hayaƙi da jiƙe-jiƙe, ba kowa ba ne illa ubansa. Shekara goma sha ɗaya Alhaji yana tashi yana kwanciya a kan cewa allura ce ta kashe masa ɗa, kuma da wannan ya samu yake iya cin abinci. Wa zai tsaya gaban tsohon da ya ciyar da shi ya ce masa, a'a, kai ne?

Labarin Sadi kuwa ya daɗe da fita daga gidan, ya zama na unguwa. A Biafra in aka ce an yi wa wane allurar baya, mata sukan fara tambayar inda za a yi zaman makoki. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya lura cewa sai mutum ya kai gargara ake yarda a kai shi asibiti.

Aka tsallaka gada da Yasmin zuwa Adjamé, gidan wani Malam Lukumanu a unguwar Bracodi, mai yi wa masu iska karatu. Hadijatu ta koma bakin aikinta ranar Litinin. Kullum kwalabe na zuwa gabanta, ƙanana, da ruwa garai-garai a ciki, na 'ya'yan waɗansu mutane da suka sa hannu. Tana ɗiga shi kan gilashi, tana leƙawa ta madubin gwaji tana ƙirga fararen ƙwayoyin jini, sai ta ji muryar ƙanwarta a bayan kunnenta tana tambayar sunan ludayi. Sau biyu ta waiwaya da gaske. Babu kowa sai firji yana gurnani.

Ranar Alhamis da ta tashi aiki ta hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Bracodi. Ta tarar da Yasmin kwance kan tabarma a wani ɗaki mai ƙaurin turare, Inna Dije na yi mata fifita. Ta rame, leɓɓanta sun tsage. Ta buɗe ido ta dubi yayarta sama da ƙasa, ta ce cikin ladabi, "Bonjour, madam."

Malamin da kansa ya biyo Hadijatu har bakin ƙofa. Mutum ne mai sanyin murya, ba shi da alamar ɗan damfara.

"'Yata, ni karatu na iya, kuma na yi. Wannan zafin jikin ba irin namu ba ne. Jiya na gaya wa Alhaji a haɗa da asibiti, ya ce in ci gaba. Amanarsa ce, ba zan kore ta ba. Amma ke da kike aikin asibiti, ki yi wani abu."

* * *

Ranar Juma'a ta nufi kasuwar Black Market. Ta ratsa masu gwanjo da samarin da ke tura wa mutane wayoyi a fuska suna "Tanti, zo ki gani," har ta isa rumfar Abdulbaqi. Yana zaune tsakanin rediyoyi da caja, abokin ciniki na yi masa magana, shi kuwa yana kallon bango.

"Yaya Hadijatu," ya miƙe. "Lafiya? Jikin ne?"

"Jikin ne. Abdulbaqi, kai ne mijinta. Hannunka asibiti ke nema, ba na Baba ba. Tashi mu je mu ɗauko ta yanzu, kafin a sauko daga masallaci an gama."

Ya koma ya zauna.

"Yaya, shekara sha huɗu da suka wuce na sauka a garin nan da jaka ɗaya, ko 'bonjour' ban iya ba. Alhaji ne ya sauke ni. Shi ya tsaya mini aka ba ni rumfar nan, shi ya ba ni Yasmin. Kin san yadda abin yake a wurinmu: baƙo ba ya tsallake maganar maigidansa. In na yi, gobe duk Hausawan kasuwar nan za su nuna ni da baki." Ya goge fuska da hannun riga. "Kuma in na sa hannu aka yi ta mutu fa? Da wane ido zan kalle shi?"

"In ba a yi ba ta mutu fa?"

"Sai a ce kwana ne ya ƙare." Ya faɗe shi, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba na barci. Ki samo mini kalma ɗaya daga bakin Alhaji, ɗaya tak, ni da kaina zan goyo ta."

Ta ji haushinsa har cikin ranta, ta so ta kira shi rago a gaban maƙwabtansa. Sai ta tuna wadda ta durƙusa a barandar asibiti ta ce "To, Baba," ta haɗiye maganar ta juya.

* * *

Ranar Asabar bayan la'asar Alhaji na zaune kan buzunsa a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Hadijatu ta cire takalmi, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, magana ce da ni. In na yi rashin kunya a yafe mini."

"Ina jin ki."

Ta gaya masa. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta fara ba za ta ƙarasa ba. Ta faɗi rajistan da ta gani, da kamannin ruwan, da abin da kwana biyar ke yi wa mai sanƙarau. Ta ce da an kai Sadi a kwana na farko ko na biyu, da wuya ya mutu. Tana magana tana kallon tabarma, tana jin ƙarar carbin na raguwa har ta ɗauke.

Can a bakin famfo wata na kankare tukunya.

"Kwana nawa kika ce?"

"Biyar, Baba."

"Ita Yasmin fa?"

"Yau tara da fara zazzaɓin."

Ya ɗago ya dube ta. Ta yi zaton zagi, ko sanda, ko ya ce ta tattara ta bar masa gida, kuma da ta fi son ɗaya daga cikinsu. Idanunsa ne kawai suka kaɗa suka yi ja.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Shekara tara."

"Shekara tara kina gaishe ni safe da yamma." Ya jinjina kai. "To me ya hana ki faɗa ranar Lahadi?"

"Tausayinka na ji, Baba."

"Tausayina," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana wani abu mai ɗaci. Ya lalubi sandarsa bai same ta ba, ko da yake tana jingine a gefen gwiwarsa. "Kira mini Abdulbaqi."

* * *

Kafin magariba an dawo da ita asibiti, ba ta san inda kanta yake ba. Dokta Kouamé bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka ɗaura mata ruwa da magani nan take, sannan aka lanƙwasa ta kan gefe aka ɗebi ruwan. Abin da aka yi kwana shida ana gudu, ko minti ashirin bai ɗauka ba.

Ranar Litinin da safe aka yi babban gwajin. Doka ba ta yarda ma'aikaci ya taɓa samfurin ɗan'uwansa ba, don haka abokiyar aikinta Madam Aya ce ta zauna, Hadijatu na tsaye a bayanta. An riga an ga fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a ruwan, alamar akwai yaƙi a ƙwaƙwalwa, amma ba a san da wa ake yi ba. Wannan sai na'urar da ke ɗaukar ɗan ɓurɓushin ƙwayar cuta ta yi ta ninka shi har ya isa a gani. Awa biyu suna jira. Sannan wani siririn layi ya ɗago daga ƙasan allon kwamfuta, ya yi ta hawa.

"Herpès," in ji Madam Aya a hankali. Ta juyo ta riƙe mata hannu, ta jajanta mata da yarensu. "Yako, ƙawata. Yako."

Hadijatu ta ji wata dariya mara daɗi ta taso mata. Ƙwayar nan ce dai da ke fito wa mutane da 'yan ƙuraje a gefen leɓe in sun yi zazzaɓi, wadda kusan kowa ke yawo da ita bai sani ba. A cikin dubban mutane sai ta zaɓi ɗaya ta bi jijiya ta hau sama. Tana da magani. Maganin yana nan a kantin asibiti, ƙofa huɗu daga inda take tsaye, kuma yana nan tun waccan Lahadin. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar ubansu.

* * *

Yasmin ba ta mutu ba. Bayan mako uku ana sa mata magani ta jijiya, ta tashi, ta ci abinci, ta taka da ƙafarta ta shigo gida. Tana sallah ba ta kuskure ko raka'a ɗaya, tana gane Inna Dije da Hadijatu. Amma shekarun aurenta duka sun goge, kuma sabon abu ba ya zama a kanta. Abin da aka gaya mata da hantsi, kafin azahar ya tafi. Abdulbaqi in ya shigo, sai ta ja mayafi ta gaishe shi kamar baƙo.

Matan bakin famfo ba su sha wahalar yanke hukunci ba.

"Ai dama an faɗa," in ji Tsahara. "Da ruwan suka zuƙe hankalin. Da an bar ta wurin malam da tuni ta warke."

Hadijatu ta ajiye bokitinta ta yi musu bayani tiryan-tiryan, yanzu da bakinta ya buɗe ba ya rufuwa. Suka saurare ta har ƙarshe, suka ce, "Haka ne, Dokta." Washegari ɗan ɗaya daga cikinsu, Zinariya, ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai, uwar ta rantse ko gawarta ba za ta bari a kai shi inda ake huda baya ba. Mutum ɗaya ne a gidan da za su ji maganarsa, wato Alhaji, shi kuwa ya daina zama a ƙofar ɗaki. Daga masallaci sai ɗaki, in an kai masa abinci a dawo da shi yadda aka kai.

Wata Asabar da hantsi Hadijatu ta fito ta tarar da Yasmin zaune a inuwa, Firdausi na zaune tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso. Hannun bai manta komai ba. Tsaga a miƙe, kitso ƙanana a jere, tana yi tana ɗan waƙe-waƙe a hanci. Yarinyar ta yi lamo, ko motsi ba ta yi, don kada abin ya ƙare.

A kwanakin farko, duk lokacin da Yasmin ta tambaya, Firdausi takan ce, "Ni ce, Mama, 'yarki." Sai uwar ta firgita, ta riƙa dube-dube, ta fashe da kuka tana tambayar yaushe ta haihu ba ta sani ba, har sai an kwantar da ita. Bayan awa ɗaya ta manta, ta sake tambaya, a sake komawa farko.

Yasmin ta kai ƙarshen wani layi, ta leƙo ta gefe ta dubi fuskar yarinyar, ta yi murmushi.

"Kai, gashin nan da kyau yake. Ke kuwa 'yar wace ce?"

Hadijatu ta buɗe baki za ta amsa, Firdausi ta riga ta.

"'Yar maƙwabta ce, Tanti," ta ce, ta gyara zama, ta miƙa mata ɗaya gefen kan.